Shekaru hamsin ana ƙirga masu shan taba

Shirin namu na yau ya nufi Landan, a shekarar 1948, lokacin da ciwon dajin huhu ya addabi mazan Birtaniya, likitoci kuma suka rasa daga ina yake ɓullowa. Sai hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta damƙa aikin a hannun Austin Bradford Hill, mutumin da ba likita ba ne. Ya so zama likita, tarin fuka ya kwantar da shi a lokacin yaƙin duniya na farko, ya koma ya karanci tattalin arziki, daga nan ya zama masanin ƙididdiga. Shi ne ya jawo wani matashin likita, Richard Doll, suka haɗa hannu.

Abin da Doll ya fi zargi shi ne kwaltar da ake ta malalawa a tituna, da hayaƙin motoci. Shi kansa mashayin sigari ne. To, wa zai zargi abin da ke aljihunsa?

Aka bi asibitoci 20 na Landan ana yi wa majinyata tambayoyi: sana'arsu, unguwarsu, abin da suke sha. Ga wahalar aikin: a wancan zamani kusan takwas cikin kowane maza goma na shan taba. Idan aka ce mai ciwon dajin huhu mashayi ne, ai maƙwabcinsa mai ƙoshin lafiya ma mashayi ne. A nan dabarar Hill ta yi rana. Duk mai ciwon dajin huhun da aka tambaya, sai a nemo masa abokin awo, wanda suke tsara, jinsinsu ɗaya, amma wata cuta dabam ta kawo shi asibiti.

Ku saurari alƙaluman nan da kyau. Maza 649 masu ciwon dajin huhu, biyu kacal ne ba sa shan taba. Biyu. A ɗaya ɓangaren ma maza 649 ne, amma marasa sha sun kai 27. Biyu da 27, a ido ba wani abin a zo a gani ba ne, amma lissafi ya nuna da wuya ƙwarai a ce dace ne kawai. Kuma iya yawan karan sigarin da mutum ke zuƙa, iya yawan haɗarinsa.

Akwai wani abu mai ɗaure kai da Doll ya lura da shi yayin da yake komawa kan takardun majinyata. Wanda aka kwantar bisa zaton ciwon dajin huhu ne, in dai ba ya shan taba, galibi daga baya sai a gano wata cutar ce. In kuwa mashayi ne na sosai, zaton ya kan tabbata. Tun aikin bai kammala ba Doll ya yar da sigari. Aka buga sakamakon a watan Satumba na 1950.

Mutane dai ba su girgiza ba. Daga baya ma babban malamin ƙididdiga Ronald Fisher, wanda lofe ba ya barin bakinsa, ya ce mai yiwuwa wani abu ne na gado ke sa mutum son taba, shi ne kuma ke jawo masa ciwon. Tambaya ce mai ma'ana, ko da yake ya kamata a sani ya yi wa kamfanonin taba aikin ba da shawara.

Don neman ƙarin tabbaci, a 1951 Hill da Doll suka aika wa likitocin Birtaniya kusan 60,000 takardar tambayoyi 'yar gajeriya, sama da 40,000 suka amsa. Me ya sa likitoci? Sunayensu na cikin rajista, ba sa ɓacewa, in sun mutu za a sani. Sai aka zauna jira. Zuwa 1954 likitoci 36 ciwon dajin huhu ya kashe, dukkansu mashaya taba.

Lokaci na neman ƙure mana. An ci gaba da bin waɗannan likitoci har shekara 50. Rahoton 2004, wanda Doll, yana da shekaru 91, ya fitar tare da Richard Peto, ya nuna mashayi na asarar kimanin shekaru 10 na rayuwarsa, wanda ya daina yana ɗan shekara 30 kuwa ya kan tsira da kusan dukkansu. Doll ya rasu a 2005. Sai mun haɗu a shiri na gaba.