Tashar 'Yan Kwana-kwana Mai Ƙofa Biyu

A unguwannin bayan gari na Amurka, inda gidaje ke warwatse kuma ofisoshin hukuma ke da nisa, tashar 'yan kwana-kwana na cikin 'yan gine-ginen gwamnati da ba a rasa mutum a cikinsu dare da rana. Shi ya sa ake haɗa ta da zauren taron unguwa da ɗakin awon hawan jini, wani zubin har da rumfar zaɓe. Haɗin yana da hujja, domin kusan kashi biyu cikin uku na kiran da ake yi wa 'yan kwana-kwanan ƙasar na jinya ne, gobara kaɗan ce a ciki. Kuma tun bayan dokar jihar Texas ta 1999, jihohi da dama sun yarda uwar da ta rasa mafita ta miƙa jaririnta a tashar ba tare da an tuhume ta ba. Jama'a dama can suna zuwa. Abin da ya rage shi ne ginin ya san da zuwansu.

Masu suka na cewa taro yana jawo jinkiri, kuma ba su yi ƙarya ba. Ƙa'idar aikin kashe gobara ta Amurka mai suna NFPA 1710 ta ba ma'aikata daƙiƙa 80 su shirya su fita, sannan motar farko ta isa wurin gobara cikin minti huɗu. Yaro ɗaya da ya gitta gaban mota ya isa ya cinye wannan lokaci. Amma maganin yana hannun mai zanen gini: ƙofar jama'a da wurin ajiye motocinsu su fuskanci wani ɓangare, motar kashe gobara ta shiga ta baya ta fita ta gaba, hanyoyin biyu kada su haɗu.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta lafiya. A 2022 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da ke haddasa sankara, kamar yadda ta yi wa hayaƙin dizal a 2012. Rigar da ta dawo daga gobara tana ɗauke da toka mai guba. Saboda haka ake raba tashar gida uku: inda motoci da kayan aiki suke, sai wurin wanka da wanki, sannan ɗakunan kwana da zauren jama'a, iskar wani sashe ba ta shiga wani. Wannan yana cin fili da kuɗi, kuma a ganina garin da filinsa bai kai ya raba sassan nan ba, gara ya kai zauren wani wuri.