Hasumiyar Abuja: Abin Da Zane Ya Nuna Da Abin Da Ido Ke Gani

Duk ɗan Mayahi ko Tasawa da fatauci ko ci-rani ya taɓa kai shi Abuja ya san ta, ko da bai riƙe sunanta ba. Tsakanin Masallacin Ƙasa da babbar majami'ar ƙasa, wasu ginshiƙai uku na kankare sun miƙe sama, kowane da nasa tsawon, an ɗaure su can sama da wani ɗaki kewayayye kamar faifai. Ita ce Millennium Tower, mai tsawon mita 170. An fara ta a 2006, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Manfredi Nicoletti, gwanin zanen gine-gine ɗan Italiya, shi ya zana ta, kamfanin Salini ya karɓi kwangila, aka ce za a buɗe ta a 2011, lokacin da Abuja ke cika shekara 20 da karɓar gwamnati daga Legas.

Hoton da aka baza a jaridu abin kallo ne. Fukafukai uku na ƙarfe mai sheƙi sun rungume ginshiƙan, fitilu sun haske su da dare. A sama akwai gidan abinci mai juyawa a hankali, mutum na cin abinci birnin na wucewa ta gabansa. A ƙasa ga cibiyar al'adu, ga fili shimfiɗe, jama'a na yawo cikin nishaɗi.

Ginshiƙan dai sun tashi, ana hango su daga nesa. Amma aikin ya yi ta tafiyar hawainiya har ya tsaya, Nicoletti kuma ya rasu a 2017 bai ga an buɗe ta ba. A 2023 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya yi alkawarin kammala ta cikin shekara biyu. Matsalar kuwa kuɗi ce. Lokacin da aka aza tubali, dalar Amurka ba ta wuce naira 130 ba. A 2024 ta haura 1,500. Gilashi, da na'urar hawa sama, da ƙarfen ado, galibi daga waje ake sayo su, don haka kowace shekarar jinkiri sai ta ƙara nisanta ginin da hotonsa.

Ko da an gama, ido ba zai ga abin da hoton ya nuna ba, domin ba don haka aka yi shi ba. A kwamfuta ake haɗa irin wannan hoto, don a shawo kan mai ba da kuɗi. Mai haɗa shi ne ke zaɓen inda za a tsaya a kalla, sau da yawa daga sama, wurin da shirwa kaɗai ke zuwa. Shi ke zaɓen lokaci, yawanci gab da magariba. Itatuwan da ya jera duk sun girma sun yi inuwa, alhali dogon yaro ma, duk da saurin girmansa, sai ya sha shekaru, in awaki sun bar shi. Ba wayar lantarki, ba tankin ruwa, ba injin wuta mai hayaƙi, ba mai shayi da teburinsa a bakin ƙofa. Sama kuma shuɗiya fes, sai ka ce ba a hunturu a ƙasar. Wanda ya san yadda hazo ke rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu ya san abin da ƙura za ta yi wa bangon gilashi, kuma wanke bene mai hawa ashirin ba aikin bokiti da tsumma ba ne.

Turawa ma ba su tsira ba. A Landan, a 2013, wani sabon bene da ake wa laƙabi da Walkie-Talkie, zanen Rafael Viñoly, ya riƙa tattara hasken rana da lanƙwasasshen gilashinsa yana watsa shi kan titi, har ya narkar da sassan wata mota ƙirar Jaguar. Sai da aka sa masa kariya. Ranar Ingila ke nan, ba ta jihar Maraɗi ba, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu.

Mayahi ba ta da hasumiya, amma maganar ta shafe ta. Allon da ake kafawa a bakin filin da za a gina kasuwa, ko asibiti, ko makaranta, irin wannan hoton ne a kansa. Yanzu kuma ya shiga aljihu: mutum ya dawo daga Kano ko Aljeriya, ya miƙa wa magini waya da hoton wani gida na Dubai, ya ce irin wannan yake so. Magini ya kalla, ya tambayi buhun siminti nawa aka tanada, daga nan ciniki ke komawa ƙasa.

Maginan gargajiya ba su san wannan rigimar ba. A ƙasa suke shata gida, da ƙafa ko da sanda, mai gida ya shiga ya taka faɗin ɗakinsa kafin a kwaɓa ƙasa. Daga cikin irin waɗannan magina Falke Barmu ya fito, wanda ya fara masallacin Yama na jihar Tawa a 1962, daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da nata fasali, aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuwa, shi ma a jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili masu ilimin zamani ne, da zane suka yi aiki, amma masallacin da suka kammala a 2018 da tubalin jar ƙasar yankin aka gina shi, wanda ake matsewa da inji. Launinsa na ƙasar wurin ne, ƙura ba ta da abin da za ta canza masa, galibin kayan aikin kuma ba sa jiran farashin dala. Irin wannan gini shi ya fi saurin kama da zanensa.

Mai son sanin makomar gini, gara ya sauke ido daga hoton ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan allon: wa ke biyan kuɗin, wane ne ɗan kwangila, wata nawa aka ɗiba. Mai gina nasa gida kuma ya nemi taswira mai awo, wadda ta nuna kaurin bango da inda tagogi ke fuskanta, tare da takardar ƙiyasi da ta lissafa siminti da rodi da kwano, kowane da farashinsa na ranar.