Mahalbi Tsakanin Gona da Dawa

Duk wanda ya san ƙasar Basawa, tun daga gonakin bayan Samaru har zuwa fadamun Kubanni, ya san manomi bai taɓa cin gonarsa shi kaɗai ba, domin tun zamanin kakanni gadu yana tone masa rogo, gyazbi yana datse masa rake, biri yana karya masa masara, kura kuwa, lokacin da dawa take dawa, takan bi dare ta ɗauke akuya a turke. Idan ɓarna ta kai intaha, sai a kai kuka wurin Sarkin Baka, shugaban mahalba.

Sana'ar mahalbi ilimi ce tabbatacciya. Yakan duƙa kan sawu da asuba, kafin raɓa ta bushe, ya gane daga zurfinsa da kashin da aka bari ko dabba ɗaya ce ta saba da gonar ko garke ne ya ratsa, sa'an nan ya yi kwanto a mashaya da adaka ko kibiya mai dafin kwankwani, ya kawar da wadda ta addabi jama'a, ya ƙyale saura. Wannan kuwa ya dace da fikihu, domin malaman Malikiyya sun halatta farauta saboda bukata, sun karhanta ta saboda wasa kawai.

Amma farautar gayya ta rani, wadda ake cinna wa daji wuta, a saki karnuka, a bi da kulake ba a barin mai ciki ko ƙarami, ita ce, tare da yalwar noma da bunƙasar gari bayan kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta kore manyan namun daji daga wannan nahiya.

Don kare sauran namun daji, hukuma ta keɓe dajin Yankari a 1956, ta yi dokar namun daji ta Arewa a 1963, ta mai da dajin Kamuku na Birnin Gwari gandun ƙasa a 1999. Duk da haka giwayen Yankari ba su daina shiga gonakin maƙwabta ba. A Amurka ma, inda aka ba wata ƙasurgumar dabba mai suna girizli kariya a 1975, makiyaya suna kukan tana kashe musu shanu, alhali kotu ta hana farautarta a jihar Wayomin a 2018.

Hikima ita ce a jawo mahalbi kusa, a ba shi izini da haddi da albashi, domin wanda ya san kwanan dabba da mashayarta shi ne mafi cancanta ya tsare ta, ya kuma tsare amfanin talaka daga gare ta. Dabba amana ce, gona ma amana ce, kuma za a tambaye mu a kan duka biyun.