Agogon Da Ba Ya Faɗin Lokaci

Kun taɓa lura da ɗan agogon nan da ke bisa tukunyar iskar masu walda, ko ta oksijin a asibiti? Aikinsa shi ne auna ƙarfin iskar da ke matse a ciki.

A cikinsa akwai wani siririn bututun tagulla a lanƙwashe kamar lauje, bakinsa ɗaya a toshe. In iska ta shiga da ƙarfi, sai bututun ya ɗan miƙe. Wannan ɗan motsin ne ke jan wani ƙarfe mai haƙora, shi kuma ya juya allurar. Wani Bafaranshe, Eugène Bourdon, shi ya ƙirƙiro shi a shekarar 1849.

Ma'auninsa ana ce masa bar. Tayar ƙaramar mota kamar bar 2 take ɗauka, amma cikakkiyar tukunyar oksijin tana kai 150. To, kun ji fa! Don haka in an saki iska duka, allura ba ta koma sifili ba, agogon ya lalace, a canja shi. Kuma kada a kuskura a shafa mai ko giris ga na oksijin, yana iya kama wuta. Allah ya kiyashe mu, amin.