Abin Da Ke Sa Batirin Waya Ya Kumbura A Shago

A lokacin zafin bara wani mai sayar da kayan waya ya same ni a gidan rediyonmu a nan Malanville, riƙe da fawa bank guda biyu da suka kumbura kamar burodi. Sababbi ne fil, ya kuma rantse cewa cutarsa aka yi a wajen sari. Da na tambaye shi inda ya ajiye su, sai ya ce a saman shago dab da rufin kwano, wata uku cur.

Domin mai karatu ya gane abin da ya faru, sai mun leƙa cikin batirin. Sinadarin da ke aiki a ciki shi ne lityam. Masana sun ce kowace ƙwayar zarra tana da wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron, a jere hawa-hawa kamar ɓawon albasar da muke lodi kullum a kasuwar nan. Lityam yana da guda 3, biyu a ciki, ɗaya a waje. Na wajen nan da ɗan ƙarfi kaɗan ake ɓare shi, wato 5.4 a ma'aunin da suke kira eV, amma cire na biyu sai an kai kusan 76, ninki 14 ke nan. Saboda haka guda ɗayan nan kawai lityam ke bayarwa, kuma ba ya ja-in-ja a kai. Sodiyam da ke cikin gishiri ya ma fi shi saurin saki, sai dai ya ninka shi nauyi fiye da sau uku, shi ya sa masu ƙera waya suka fi son lityam tun da kamfanin Sony ya fito da irin wannan batiri a 1991.

Idan waya tana aiki, ilektiron ɗin da aka ɓare ne ke bi ta cikinta yana ba ta wuta, caji kuma shi ke tura shi ya koma. Abin da ya raba ɓangarorin batirin biyu wata 'yar leda ce siririya, ruwan da ke ciki kuwa mai kamawa da wuta ne. Zafi yana lalata ruwan nan ya riƙa fitar da iska, kumburin ke nan. In ledar ta huje, ƙarfin da aka tara sai ya fita lokaci guda. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba, don a 2016 Samsung ya janye wayoyin Galaxy Note 7 kimanin miliyan 2.5 saboda gobara.

Mu a nan abin ya fi shafarmu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe gada, manyan motocin da suka taso daga Kwatano suka yi makonni a rana, kaya da yawa kuma suka koma tsallakawa Gaya ta kwale-kwale. Buhun masara zai jure wannan, kwalin batiri ba zai jure ba, musamman in ruwa ya shige shi ko ɗan dako ya jefar da shi daga ka. A ganina a irin wannan hanya ake yin rabin asarar da muke ɗora wa dillalai, ko da yake jabu ma suna nan birjik.

Wani abin lura shi ne, batirin da aka cika fal ya fi saurin lalacewa a zafi. Tun 2016 dokar jiragen sama ta hana ɗaukar lodin batiri zalla in cajinsa ya wuce kashi 30 cikin 100, mu kuwa sai mu cika shi don burge mai saye. Rabin caji ya isa ajiya, a ƙasa, a inuwa, nesa da atamfa da jarkar fetur.

Alhajin namu ya sauko da sauran kayansa a ranar. Biyun da suka kumbura kuwa, yaronsa ya so ya huda su da ƙusa wai iskar ta fita, na hana shi, muka sa su cikin bokitin yashi a bayan gida.