Takardar Mota, Makahon Dillali

Duk wanda ya taɓa kai jaki kasuwar Talata Mafara ya san ba jakin kaɗai ake dubawa ba, har da wanda ya jawo shi. Mai saye zai buɗe bakin dabba ya ga haƙora, ya shafa gadon baya ko da miki, amma kuɗi ba za su fito daga aljihu ba sai dillali ya ce, "Na san shi, ɗan Jangebe na, kuma jakin nashi na." Dillali bai damu da wane suna kake amsawa bana ba. Bara kana Ɗan Asabe, bana ka sauke farali ka koma Alhaji Abubakar, shi dai fuska ya sani, ya san gidanku, ya san turken da jakin ke kwana.

To, takardar mota ita ma aikin dillali take yi, ita ke tsayawa ta ce wannan ƙarfe na wane ne. Sai dai makahon dillali ce. Ba ta ganin fuska, ba ta gane murya, ba ta san kakanka ba. Haruffa kawai take lalubawa. In katin ɗan ƙasarka ya ce Muhammad, ita kuma an rubuta mata Mamman, a wurinta ku mutum biyu ne, ko da liman da mai unguwa sun dafa Alƙur'ani.

Mu kuwa wurin suna ba mu da rowa. Akwai na yanka, akwai lakabin da kaka ta laƙaba, akwai na makaranta inda malami ya jona maka sunan garinku ka zama wane Bakura ko wane Maradun, ga kuma matar da ta ɗauki sunan miji bayan aure. A da duk wannan bai hana kowa barci ba. Amma tun da aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, da dokar 2007, aka zo aka ɗaure layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, sai kowa ya shiga gyaran suna. An gyara na banki, an gyara na waya, aka bar takardun mota kwance cikin leda a aljihun gaban mota da tsohon suna.

Ita motar ba ta da matsala, don tana da shaidarta. Yadda ake yi wa dabba tsaga a kunne ko lalas a cinya, haka maƙera suka buga wa mota lambar shasi da lambar inji, kuma ba sa canzawa ko an yi mata fenti sau goma. Lambar da ke gaba da baya kuwa, mai farawa da haruffa uku na ƙaramar hukuma, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke riƙe da babban kundinta a kwamfuta. A kundin nan an ɗaure igiya ne: bakinta ɗaya a wuyan mota, ɗayan a hannun wani suna. Ranar da ka canza suna, jaki yana nan, kai ma kana nan, amma igiyar tana hannun mutumin da hukuma ta daina sani.

Ba za ka ji a jikinka ba sai ranar da abu ya taso. Kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato shingen bincike ba ya ƙirguwa, kuma a ƙasar da satar shanu da mashin ta sa kowa ya zama abin zargi, jami'i na iya haɗa lasinka da takardar mota ya ɗago kai ya ce, "Malam, wagga mota taka ta?" Ko kuma a yi haɗari, ka je neman haƙƙi wurin inshorar da tun Janairun 2023 ake biya wa naira 15,000 a shekara kan ƙaramar motar gida, a ce maka mai wannan suna ya zo da kansa. Mafi ciwo shi ne ranar rabon gado, marayu su tsaya gaban alƙali suna ƙoƙarin tabbatar da cewa sunaye biyun nan na uba ɗaya ne.

Gyaran ba wuya gare shi ba, bi da bi ne kawai, kamar yadda ba a ɗora wa jaki mangala kafin a shimfiɗa masa akumari. Farko kotu: ka yi takardar rantsuwa cewa tsohon suna da sabo duk kai ne. Wannan shi ne kawo shaidu gaban sarkin kasuwa. Na biyu jarida: a buga sanarwar canjin suna, wato ka ba sankira goro ya zaga kasuwa ya yi shela, mai magana ya fito. Ka yanke shafin, ka adana shi da kwanan watansa. Na uku ka daidaita NIN, don tun 2021 FRSC ta ce sai da ita za a yi rajistar mota, ita ce turken da sauran takardu ke ɗaure a kai. Daga nan sai lasin tuƙi. Sannan ka kwashi wannan duka, da takardar shaidar mallaka da ta sabunta lamba, ka nufi ofishin lasin mota na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. In sun gama, ka sanar da kamfanin inshora su ma su gyara nasu.

Abu ɗaya za ka riƙe da kyau a ofishin: gyaran suna ka zo yi, ba ciniki ba. Canjin mai mota daban ne, shi ke buƙatar mai sayarwa da mai saye da yarjejeniya. Kai ba ka sayar wa kanka jakinka ba, don haka kada ka yarda wani ɗan kamasho a bakin ƙofa ya rubuta maka cinikin da ba a yi ba, ko ya buga maka takarda mai ƙyalli wadda kundin kwamfuta bai san da ita ba. Ka biya ta hanyar hukuma, ka karɓi rasit, ka karanta sabon sunan harafi bayan harafi kafin ka bar teburin.

Mai mota, mai Keke Napep, har da ɗan kabu-kabu, yau ka zaro ledar nan ka ajiye takardun kusa da katin ɗan ƙasarka. In sunan ya zo ɗaya, ka gode wa Allah. In ya saɓa ko da da harafi guda ne, ka fara da kotu tun kafin lokacin sabunta takardunka ya zagayo.