Bayani a kan Sanyi: Ƙwan Ƙyanƙyasa da Ƙwaron da ke Tsaron Gero

Jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi, masu kiwon kaji da zabi da masu sarin ƙwai, ku saurara. Sanyi yakan tsai da rai ba tare da ya kashe shi ba, amma fa yana da iyaka. Wanda ya san iyakar ya tsira da jarinsa, wanda bai sani ba ya kwashi bara-gurbi.

To, mu fara da ƙwai. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, na zabuwa kwana 26 zuwa 28. Zafin da yake so a injin ƙyanƙyasa digiri 37 da rabi ne. Masu bincike sun gano in zafi ya sauka ƙasa da kamar digiri 20, ɗan tayin da ke ciki sai ya dakata da girma, kamar mai barci. Shi ya sa ake ajiye ƙwan iri a digiri 13 zuwa 18. Sanyin firji kuwa, wajen digiri 4, ya wuce kima, yana lalata shi. Kuma ko a wuri mai kyau, in ƙwai ya haura kwana 7, yawan abin da zai ƙyanƙyashe sai ya yi ta raguwa.

Ma'anar wannan a kasuwa ita ce, da hunturu, Disamba da Janairu, ƙwai yana jure ajiya a ɗaka. Da bazara kuwa, in zafi ya kai digiri 40, tayin yakan soma girma tun a kwando, sa'an nan ya mutu. Sai a jera shi kan yashi mai danshi gefen randa, tsininsa ƙasa. In an riga an sa shi a inji ko ƙarƙashin kaza, magana ta juya: sanyi ya zama abokin gaba. In an ɗauke wuta da daren hunturu, a lulluɓe injin da bargo, kada a buɗe. A sa kwanon ruwa a ciki, don iskar hunturu tana busar da ƙwai. Ran kwana 7 a haska da tocila, a fid da wanda ba shi da jijiya.

Sai ƙwaro. Akwai tsutsar da ke cin zangarniyar gero, mutanen Maraɗi na kiranta murzuna. Tun wajen 2006 ma'aikatan binciken gona na Nijar da Mali da Burkina Faso suke yaƙarta da wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Macen takan harbi tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su cinye ta. Ana raba shi ƙauyuka cikin ƙananan buhunan algarara masu gero da tsutsotsi, a rataye kusa da gonaki.

Wahalar ita ce gero na fid da kai lokaci guda, kowa na neman ƙwaron a sati ɗaya. Don haka aka gwada tara shi a sanyi. An ga a digiri 5 matan suna jure 'yan makonni, in aka daɗe sai su mutu, ko ƙwansu ya ragu.

Ashe dai ƙa'idar ɗaya ce. Saboda haka mai sayen ƙwan iri, kafin ka yi ciniki, tambayi ranar da aka saka shi da inda ya kwana. Manomi kuma, in an rataye buhun ƙwaro a yankinku, kada ka yi feshin magani, don za ka kashe mai gadinka ne.

Iyakar bayani ke nan. Allah ya ba da sa'ar kasuwa.